Amsa ga mai shirin zuwa Bodh Gaya

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana karatu a Delhi, kana son leƙa Bodh Gaya a hutun Disamba, kuma wani ya ce maka yini ɗaya ya isa. Na je sau biyu lokacin da nake karatu a Indiya. Zuwan farko irin na yini ɗayan na yi, ba abin da na tsira da shi sai ciwon ƙafa. Na biyu na kwana biyu, shi ne na ga garin.

Daga Delhi zuwa Gaya, birnin da ke kusa da Bodh Gaya a jihar Bihar, kusan kilomita 1000 ne a jirgin ƙasa, kwana ake yi a hanya, akwai ma jirgin da sunansa Mahabodhi Express. Sai dai Disamba da Janairu lokacin hazo ne a arewacin Indiya, hazon da ba ka ganin wanda ke gabanka. Namu jirgin da ya kamata ya iso da asuba sai bayan azahar muka sauka. Kada ka sayi tikitin dawowa a matse. Daga tashar Gaya zuwa Bodh Gaya bai kai kilomita 20 ba, a adaidaita sahu ake zuwa. Ku gama ciniki kafin ka ɗora ƙafa, domin ni nawa direban da muka isa sai ya ce kuɗin da muka yi na mutum ne, jaka nata daban.

Abin da ke kawo mutane garin bishiya ce. Mabiya addinin Buda sun yi imani a ƙarƙashinta Sidarta Gotama, wato Buda, ɗan sarkin da ya bar gidan sarauta, ya zauna har ya samu abin da suke kira wayewa, kimanin shekara 2500 da suka wuce. Dangin durumi da ceɗiya ce, ganyenta mai faɗi da ɗan wutsiya siriri a ƙarshe. Wadda ke tsaye yanzu ba ta asalin ba ce, jikanyarta ce. A jikinta aka gina haikalin Mahabodhi, dogo mai tsini, ya haura mita 50. Sarki Asoka ne ya fara gini a wurin a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ginin bulon da za ka gani kuwa na wajen ƙarni na 5 zuwa na 6 ne, Turawan mulkin mallaka suka gyara shi a shekarun 1880 bayan ya lalace, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Ka sani tun yanzu, ba a shiga da waya. Tun bayan bama-baman da suka tashi a harabar a watan Yuli na 2013 aka tsaurara tsaro. Akwai inda ake ajiye wayoyi a ba ka lamba, sannan a caje ka. Kyamara ana biyan kuɗi a shiga da ita. Na ji haushin abin da farko, amma da na shiga na ga dubban mutane babu mai ɗaga waya sama, sai na daina ƙorafi. Takalmi ma ana cirewa, ka sa safa mai kauri, daɓen nan da sanyin asuba kamar ƙanƙara yake.

Ƙarfe biyar na asuba ake buɗewa. Ka yi sallarka ka nufi can kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. A nan ne yini ɗaya ke cutar mutum, don mai zuwa da rana cunkoso kawai zai tarar. Da sassafe kuwa za ka ga 'yan Tibet cikin jajayen kaya, 'yan Tailan da Bama cikin ruwan goro, 'yan Siri Lanka fari fat, kowace ƙungiya na karatunta da harshenta, ba mai ce wa wani ka rage murya. Akwai wata tsohuwa 'yar Tibet da na zauna ina kallo, ta shimfiɗa katako dogo kamar ƙyauren ɗaki, ta sa wasu tsummoki a tafin hannu. Ta miƙe tsaye, ta haɗa hannu, ta zube ta miƙe rub da ciki, ta tashi, ta sake. Katakon har ya yi sheƙi inda hannunta ke gogawa. A al'adarsu akwai masu cika irin wannan sau 100,000. Na je na karya kumallo na dawo, tana nan.

Ba a tsinkar ganyen bishiyar, amma in iska ta kaɗo ɗaya, sai ka ga dattijon da ya rufe ido tun ɗazu ya yi wuf ya cafe ya sa cikin littafi. A waje kuma yara za su tare ka da ganye cikin leda, wai na bishiyar ne. Irin bishiyar ta cika Bihar, ka riƙe kuɗinka.

Ka kuma tambaya ko Musulmi zai takura. Ni ba malami ba ne, hukuncin zuwa ka tambayi malaminka. Abin da na gani dai, ba wanda ya tambaye ni addinina, ba wanda ya ce in rusuna ko in ajiye fure. Na tsaya a matsayin baƙo mai kallo. Su suna kewaya haikalin yana hannun damansu, saɓanin ɗawafi, to in za ka zaga ka bi yadda jama'a ke tafiya don kada ka yi ta karo da mutane. Kada ka zauna ka miƙe ƙafa tana fuskantar bishiyar ko gunkin Buda, rashin ladabi ne a wurinsu. Akwai masallaci kusa da haikalin, har kiran salla ana ji daga harabar, kuma Musulmi na da yawa a Gaya, abincin halal ba zai gagare ka ba.

Yini na biyu ka zaga gidajen ibadar da ƙasashe suka gina, kowa da salon ginin ƙasarsa. Na Tailan da na Butan sun fi burge ni. Babban gunkin Buda mai tsawon ƙafa 80 da Dalai Lama, jagoran addinin Buda na 'yan Tibet, ya buɗe a 1989, minti goma ya ishe ka. Gara ka tsallaka kogin Falgu, wanda a rani yashi ne zalla, zuwa ƙauyen Sujata, matar da aka ce ta ba Gotama shinkafa da madara lokacin da yunwa ta kusa kashe shi. A can za ka ga ainihin talaucin Bihar, za kuma a biyo ka da takardar neman taimakon makaranta. In za ka bayar, ka je ka ga makarantar da idonka. Tsohon garin Rajgir da kufan jami'ar Nalanda su ma suna da daɗin gani, amma yini guda suke ci, kada ka cusa su cikin kwana biyun nan.

Ka riƙe fasfo ɗinka, masauki ba sa karɓar baƙon ƙasar waje sai da shi. Ka ɗauki rigar sanyi ta gaske da maganin sauro. In za ka dawo, ka sayi tilkut a Gaya, riɗi ne da ake kirɓawa da sukari ko mazarƙwaila, ɗan'uwan kantunmu, lokacin sanyi ne ma kakarsa. Ka sayi da yawa, nawa tun kafin mu kai Kanpur abokan tafiya suka cinye.