Tambaya da Amsa: Me ya sa ake cajin masu sayen kayana haraji a bakin ƙofa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan aikin hannu ta intanet, kuma yawancin masu saye suna Turai da Amurka. A da nakan aika ƙananan ƙunshi ta gidan waya su isa lami lafiya, amma yanzu sai an nemi mai saye ya biya haraji kafin a miƙa masa kaya. Wasu sun ƙi biya, aka dawo mini da kayana, kuɗin aikawa kuma ya tafi a banza. Me ya sauya, kuma yaya mai ƙaramin jari irina za ta yi?

Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da ya sauya shi ne rangwamen da manyan kasuwanni suka daɗe suna yi wa kaya masu araha. Kafin 1 ga Yulin 2021, ƙunshin da kuɗinsa bai wuce yuro 22 ba yana shiga yawancin ƙasashen Tarayyar Turai ba tare da harajin VAT ba, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye. Daga wannan rana aka soke rangwamen, ko ɗan kunne ɗaya kika aika sai an biya masa, kuma kowace ƙasa da nata kason, daga kashi 17 cikin ɗari a Luksambak zuwa kashi 27 a Hangari. Birtaniya ta riga su da wata shida, inda ta ɗora wa mai sayarwa ko dandalin ciniki nauyin karɓar VAT tun wurin saye a kan kayan da ba su haura fam 135 ba.

Sauyin Amurka ya fi girgiza 'yan kasuwa, domin daga 2016 zuwa 2025 kayan da ba su wuce dala 800 ba suna shiga ƙasar ba kuɗin fito. An fara janye wannan dama ga kayan Sin da Hong Kong a ranar 2 ga Mayun 2025, sannan aka haɗa da sauran ƙasashen duniya a ranar 29 ga Agusta, har gidajen waya na ƙasashe da dama suka dakatar da aika ƙunshi zuwa can na ɗan lokaci. Hujjar gwamnatocin ita ce ambaliyar ƙananan kaya daga manyan dandalin ciniki, da koken 'yan kasuwar cikin gida waɗanda suke biyan haraji alhali abokan hamayyarsu na waje ba sa biya. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai dokar da aka yi domin manya ta fi danne ƙanana.

Dalili kuwa shi ne ba harajin kaɗai mai saye yake biya ba. Gidan waya ko kamfanin jigila yakan ƙara nasa ladan fito da kaya daga kwastan, wanda sau da yawa ƙayyadadde ne, don haka ya fi yi wa kaya mai araha nauyi. Mutumin da ya ɗauka ya gama biya, aka zo masa da sabon lissafi a bakin ƙofa, ba abin mamaki ba ne idan ya ce a mayar.

Maganin wannan shi ne a karɓi harajin tun lokacin ciniki. Tarayyar Turai tana da tsarin IOSS, wanda yake ba mai sayarwa damar karɓar VAT tun wurin saye, domin kayan da ba su wuce yuro 150 ba, amma mai sayarwa daga waje yawanci sai ya ɗauki wakili mazaunin Tarayyar, kuma ladan wakilin yana iya cinye ribar wadda cinikinta bai taka kara ya karya ba. Idan ta dandali irin su Etsy ko eBay kike sayarwa, su ne suke karɓar harajin, su ba ki lambar IOSS ɗinsu. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: dole lambar ta shiga bayanan da gidan waya yake tura wa kwastan ta kwamfuta, idan ba ta shiga ba sai a sake cajin mai saye, ya biya sau biyu.

Ki kula da takardar kwastan ƙwarai. Ki rubuta ainihin abin da ke ciki, misali jakar hannu ta fata, tare da lambar HS mai alƙaluma shida (lambar da kwastan ke gane nau'in kaya da ita) da ƙasar da aka yi kayan, domin da su ake lissafa kuɗin fito. Kada ki rubuta cewa kyauta ce, kada kuma ki rage kuɗin kayan ko da mai saye ya roƙe ki, saboda laifi ne, kuma idan ƙunshin ya ɓata diyyar ba za ta wuce abin da kika rubuta ba. Ƙasar da ba ki iya biyan harajinta tun daga farko, ki bayyana a shafin tallanki cewa mai saye ne zai biya idan kaya sun isa, ki kuma sake duba dokarta kafin ki yanke sabon farashi.