Dokar ta-ɓaci da tashar jiragen ruwa

Malam, ka tambaya ko rufe tashar jiragen ruwa ake yi ɗungurungum idan ƙasa ta shiga dokar ta-ɓaci. Ba kasafai ba, tunda mai, hatsi da magunguna ta nan suke shigowa. Matakin tsaro ake ɗagawa bisa ISPS, ƙa'idar duniya ta tsaron jiragen ruwa da tashoshinsu, wadda ta fara aiki a 2004. Matakan uku ne, kuma gwamnati ce ke ayyana su, ba manajan tasha ba. A mataki na 2 a rage ƙofofin shiga, a tsananta binciken motoci da mutane. A na 3 ana iya dakatar da lodi da sauke kaya, a hana jirage motsi.

Wani kuskure da ake yi shi ne tara jami'ai a bakin ƙofa a bar ɓangaren ruwa sake, alhali da ƙaramin kwale-kwale aka kai wa jirgin yaƙin Amurka USS Cole hari a tashar Aden ta ƙasar Yemen a 2000. Sai kuma cunkoso: idan kaya suka taru, kwantenonin sanyi na buƙatar lantarki ba yankewa, kayan da ke iya fashewa kuma su ake fara kwashewa daga tashar.