Kwamfuta Ta Ce Ganyen Yana Kashe Ciwon Daji?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Aboabo, Kumasi: "Likita, yayata tana jinyar sankarar mama a asibitin Komfo Anokye. Wani mai magani ya ce an gwada ganyensa a kwamfuta, an ga yana kashe daji. Mu koma wajensa?"

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba yayarki lafiya. Don Allah kada ku bar asibiti.

Gaskiya ne ana neman maganin daji da kwamfuta. Wasu nau'o'in cutar suna dogara ne da wani furotin (sinadarin da ke gudanar da aiki a cikin ƙwayoyin jiki) da ya lalace, yana ta ingiza ƙwayoyin jiki su hayayyafa ba tsayawa. A jikinsa akwai ɗan rami kamar bakin kwaɗon kulle ƙofa. Sai a ɗora surarsa a allon kwamfuta, a juya shi ta ko'ina, ita kuwa ta riƙa zura masa sinadarai miliyoyi kamar 'ya'yan makulli, tana ba kowanne maki gwargwadon yadda ya zauna a ramin. Aikin ya ƙara sauƙi da zuwan AlphaFold, manhajar da ta hasko surar furotin sama da miliyan 200, har masu ita suka samu kyautar Nobel a 2024.

Toshe furotin guda yana aiki ƙwarai. Maganin imatinib, da Amurka ta amince da shi a 2001, ya sa masu wani nau'in sankarar jini suna rayuwa shekaru da dama.

Sai dai makin kwamfuta hasashe ne kawai. Ba ta nuna a zahiri ko hanta za ta narkar da sinadarin kafin ya isa ga ƙullutun dajin, ko zai illata ƙoda. Dole a gwada shi a ɗakin bincike, sannan a dabbobi, sannan a mutane hawa uku. Abin yakan ci shekara 10 zuwa 15, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka kai ga mutane faɗuwa suke yi. Ban raina ganye ba, maganin daji na vincristine ma daga wani furen Madagaska aka samo shi, amma sai da ya bi wannan hanyar.

Ku tambayi likitanta sakamakon gwajin HER2 (wani furotin da ke ingiza wasu nau'o'in sankarar mama) da na homon (sinadaran jiki da wasu nau'o'in ke dogara da su), domin su ke nuna ko magani irin trastuzumab ko tamoxifen zai yi mata amfani. In ta riga ta fara shan ganyen, ku tafi masa da kwalbar ya gani, don wasu ganyayyaki suna rikita aikin allurar kemo, wato allurar maganin daji ta asibiti.