Kujerar hagu a gida, ko ta dama a ƙasar Larabawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Kyaftin. Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, shekarata 34, mataimakin matuƙi a wani kamfani na yankinmu. Shekara shida ke nan ina kan Q400, jirgin fasinja mai farfela, ina da awa 3,400 da cikakken lasisin ATPL, wato babban lasisin tuƙin jirgin fasinja. Shugaban matuƙanmu ya gaya mini da baki cewa ina cikin waɗanda za a ɗaga zuwa kyaftin baɗi. Ana cikin haka sai wani babban kamfani na ƙasashen Larabawa ya kira ni gwaji, mataimaki a babban jirgi, albashin ya kusa ninka nawa sau uku. Nan kuwa wani lokaci sai wata ya yi nisa ba a biya mu ba. Ina da mata da yara uku, mahaifiyata tana Garwa, kuma ni ne babba a gidanmu. In tafi ko in jira?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. A duk wasiƙar nan taka, kalmomi biyu ne suka tsaya mini a rai: "da baki". Albashi sau uku za mu zo kansa, amma mu fara da wannan alkawarin, domin a kansa shawarar take rataye.

Aikinmu yana da wata ɗabi'a da mutanen gari ba su cika ganewa ba. Likita in ya bar asibiti ya koma wani, da girmansa yake tafiya. Matuƙi kuwa ranar da ya sa hannu a sabon kamfani ya zama auta, ko da furfura a kansa. Lambar da aka ba ka ranar shiga ita ce za ta bi ka wajen zaɓen hutu, wajen sauya jirgi, da wajen hawa kujerar hagu, wadda mu a nan muke kiran mai ita kumandan. Shekara shidan da ka yi a layi ba za ta shiga jakarka ba. Abin da ke shiga jaka shi ne littafin awoyinka, kuma a cikin littafin akwai layi ɗaya da ya fi sauran tsada, wato awoyin da ka yi kana shugaban jirgi. Naka har yanzu kusan fayau yake, in ban da ɗan abin da ka yi a makaranta. Wanda ya riƙe kyaftin na shekara ɗaya ko biyu, ko a Q400 ne, yana da hajar da zai kai kasuwa: kamfanin Ethiopian na Habasha suna da irin jirgin nan, RwandAir da Air Côte d'Ivoire ma sun yi aiki da shi. In duniya ta juya masa baya a wani wuri, yana iya neman kujerar hagu kai tsaye. Mataimaki mai awa 5,000 kuwa mataimaki ne, kuma irinsa suna da yawa a bakin ƙofa.

Kada kuma in ruɗe ka. Kyaftin na jirgi mai farfela ba ya zuwa Dubai ko Doha a miƙa masa kujerar hagu ta Boeing 777. Ko ka tafi bana ko bayan shekara biyu, a kujerar dama ta mataimaki za ka fara. Bambancin shi ne, na biyun ya tafi da guzuri.

Saboda haka aikinka na farko ba a ƙasar Larabawa yake ba, a ofishin shugaban matuƙanku yake. Ka shiga da ladabi ka yi masa tambayoyin da amsarsu ba ta karɓar kwana-kwana. Wane wata za a fara kwas ɗin? An kama muku gurbi a na'urar koyon tuƙi, an biya? Mutum nawa ne a gabanka? Sannan kai da kanka ka ƙirga jiragen da ke tashi da waɗanda ke kwance suna jiran kayan gyara. Kamfanin da rabin jiragensa ke ƙasa ba sabon kyaftin yake buƙata ba, tsofaffin ma awoyi ba sa isarsu. In an ba ka wata takamaimai a rubuce cikin shekara guda, ni dai sai in ce ka jira. Dokar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta bar mu mu tuƙa jirgin fasinja na ƙasa da ƙasa har shekara 65, kai kana da 34, shekara ɗaya ba ta ci maka komai ba. In kuwa aka ce maka "ka ƙara haƙuri, ana dubawa", to ka san inda aka dosa. Na ga wanda ya yi shekara biyar yana cin "baɗi".

Mu da muka daɗe a harkar nan mun ga abin da ke hana mutum sakin jiki da kowane kamfani. Air Afrique, da ƙasashe da yawa suka haɗu suka kafa, ta rufe a 2002. Cameroon Airlines ta bi ta a 2008. Maƙwabtanmu na Chadi sun buɗe Tchadia a 2018 tare da Habashawa, zuwa 2022 ta tsaya. Can ma da kake hange, a 2020 da annobar korona ta ajiye jirage, an sallami matuƙa da yawa, kuma takardar zaman mutum a can a jikin aikinsa take. Aiki ya tafi, an ba ka ɗan wa'adi ka tattara, yara a tsakiyar zangon karatu. Babu ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya maka kamar yadda ka saba.

Wannan ne ya sa nake matsa wa yaranmu a kan lasisi. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, ƙa'idar ita ce ƙasar da jirgi ya yi rajista ita ke ba matuƙinsa lasisi, ko ta amince da wanda ya zo da shi. Hanya biyu ke nan. Ko hukumarsu ta ba ka nata bayan ka ci jarrabawar dokokinsu da gwajin tuƙi, ko ta ba ka takardar amincewa da naka na CCAA (hukumar jiragen sama ta Kamaru), takardar da ba ta wuce ranar da naka na gida zai mutu. Ka tambaya tun yanzu wacce ce za su yi maka. Ko wacce ce kuwa, kada ka bar na gida ya mutu don ka samu na Larabawa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kuma ka sani za su nemi hukumarmu ta tabbatar musu da lasisinka, hukuma zuwa hukuma. Wannan takardar tana cin lokaci, sai ka bi ta da ƙafa a Yawunde, kada ka zauna kana jiran waya.

Littafin awoyi kuwa, ɗauko shi daren nan. Na taɓa zama cikin masu tantance sababbin matuƙa, aka kawo mana wani yaro mai hannu mai kyau. Muna buɗe littafinsa sai muka ga jimillar ƙasan wani shafi ba ta yi daidai da ta saman na gaba ba, awa goma sha wani abu ta ɓace tsakani, ga farin fenti an shafa a wurare uku. Na tabbata kuskuren lissafi ne, ba ƙarya ba. Amma abokin zamana ya rufe littafin a hankali ya ture shi gefe, shi ke nan. Ka sake haɗa lissafinka shafi-shafi, dare daban, rana daban, kuskure a ja masa layi ɗaya a sa hannu, sannan a buga maka hatimin kamfani tun kuna shiri da su. Bayan ka ajiye aiki, hatimin nan ya fi zinariya wuyar samu.

Gwajin na'ura ba ya ba ni tsoro a kanka sosai. Wanda ya saba saukowa Garwa ko Marwa cikin hazon hunturu, ƙasa ba ta bayyana sai an kusa, ko ya tashi da cikakken kaya a zafin Afrilu da iska ta yi laushi jirgi yana jan ƙafa, ya san tuƙi da hannu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne nauyi. Q400 bai kai tan 30 ba, Boeing 777-300ER kuwa ya haura tan 350. Kai ka saba in ka ja maƙura baya, wato ka rage wutar inji, farfela ta riƙe maka jirgi nan take. Jet ba ya tsayawa haka, santsi gare shi, in ka tura wuta kuma sai ya yi ɗan jinkiri kafin ya amsa, don haka tunaninka sai ya riga jirgin da nisa. Za su kashe maka inji ɗaya daidai lokacin tashi, su sa ka sauka da na'urorin saukar makanta, wato ba ka ganin ƙasa, ba tare da na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ba. Amma rabin makin a bakinka yake: yadda kake tsara bayani, yadda kake jin maganar abokin zamanka, da ko za ka fasa sauka in ba ta daidaita ba. In kana da hali, ka sayi awa biyu a na'urar irin jirgin kafin ranar. Turancinka kuma kada ka tsaya a mataki na 4 na ICAO ka ce ya isa. Mu nan mun saba in magana ta cije mu juya Faransanci da masu ba da umarni a hasumiyar filin jirgi. Can babu wannan mafakar, kyaftin ɗinka yau ɗan Brazil, gobe ɗan Ostareliya mai haɗiye rabin kalma.

Ka je wurin likita da kuɗinka kafin nasu ya gan ka, a duba sukari da hawan jini da hanta da ido. Gara ka ji a Garwa da ka ji bayan ka ajiye aiki.

To, kuɗi. Gaskiya ne ba a cire harajin albashi a Dubai ko Doha, kuma ana biya a kan lokaci, wanda mai iyali ya san darajarsa. Amma ka ce su rarraba maka adadin nan da suka faɗa. Nawa ne tushen albashi, nawa ne kuɗin awa? Na awa yana tafiya ne in ka tashi, ranar da ciwo ya kwantar da kai babu shi. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuɗin sallama da doka ta tsara kwana 21 ne na tushen albashi a kowace shekara cikin biyar na farko, sannan kwana 30 bayan nan, kuma baƙo ba shi da fansho na gwamnati. Nan gida CNPS, asusun fanshon ma'aikata, tana neman wata 180 na zubi kafin fanshon tsufa, kai ko rabi ba ka kai ba, don haka ka je ka tambaye su tsarin zubi na sa-kai kafin ka tashi. Ka duba takardar ɗauri ma: za su koya maka sabon jirgi da kuɗinsu, su ɗaure ka na wasu shekaru, in ka fita ko ka faɗi horo nawa za su bi ka? Haka kamfanin da kake ciki yanzu, ka tabbata ba ya bin ka irin wannan bashin. Akwai kuma abin da masu gini a gida ke mantawa. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dala, 3.6725, riyal na Katar 3.64, sefarmu kuwa da yuro take tafiya, 655.957. Duk ranar da yuro ya hau kan dala, buhunan simintin da albashinka ke saya a Garwa sun ragu alhali ba wanda ya taɓa maka kwabo.

Yaranka da Faransanci suka fara. Akwai makarantun Faransa a Dubai da Doha, amma ka tambayi iyakar abin da kamfani ke biya wa kowane yaro, da yara nawa, ragowar daga aljihunka ne. Af, wanda ya ce ka turo kuɗi don a sa sunanka a gwaji, ɗan damfara ne, ko da tambarin wane kamfani ya zo.

Saura maganar Hajiya, wadda ka ajiye a ƙarshen wasiƙa kamar ƙaramin abu. Manyan jiragen can da tsakar dare suke tashi, ƙarfe biyu ko uku, kuma za su kai ka kusa da awa 900 da doka ta yarda a shekara. Kwana biyun da za ka samu na rama barci ne. Daga can zuwa Garwa sai ka sauya jirgi a Adis Ababa, ka sauka Duwala ko Yawunde ko Njamena, sannan ka nemi na hawowa arewa ko mota, da tikitin ma'aikata wanda sai an samu gurbi. Mu kuma ba ma kwana da gawa. Ni an yi mini rasuwa ina wata ƙasa, na iso an riga an watse daga sadakar uku. Ban ce wannan ya hana ka tafiya ba, neman halak ne, kuma kuɗin asibitin Hajiya ma daga nan zai fito. Amma ka zauna da ita, ka zauna da maiɗakinka da ƙannenka, a san wanda zai riƙe gida, tun kafin ka je gwajin.

Akwai hanya ta tsakiya da matasa ke raina ta don ba ta da ƙyalli. ASKY a Lome suna tuƙa Boeing 737, Air Côte d'Ivoire a Abijan suna da Airbus. Awoyin jet ne sosai, ana jin Faransanci, kuɗin sefa ne, gida kuma tafiyar yini ɗaya. Ka aika musu takardunka su ma.

Gwajin dai ka je ka yi, kada ka ƙi. Ko ba ka karɓa ba ka san matsayinka, kuma wanda ya ci gwaji yana iya roƙon a ɗaga masa ranar farawa, wani lokaci a yarda. Takardar ajiye aiki kuwa ba ta fita daga hannunka sai kwangila mai sa hannu ta zo, likitansu ya wanke ka, an ba ka ranar fara kwas. Ranar da za ka miƙa ta, ka cika wa'adin sanarwa har kwanan ƙarshe, ka bi ofis-ofis ka yi sallama, ka karɓi takardar shaidar ba ka taɓa haɗari ba da kwafin gwaje-gwajenka na baya. Shugaban matuƙan nan da ya yi maka alkawari da baki, shi za su bugo wa waya su tambayi halinka.