Darasin danne fushi a makarantar ɗana: ɓata lokaci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Makarantarsu ta ware darasi guda a mako, wai ana koya musu danne fushi, sauraron juna da sasanta rikici. Ni don lissafi da Turanci nake biyan kuɗi, tarbiyya kuwa aikina ne da mahaifiyarsa. Anya ba ɓata lokaci ba ne? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tarbiyya taka ce, babu mai ƙwace maka. Sai dai yaron nan daga safe har azahar ba ka tare da shi. A can ake yi masa dariya idan ya kasa karatu, a can babban yaro yake ƙwace masa kuɗin tara. Lokacin da nake riƙe aji, da yawan waɗanda lissafi ya gagara ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Tsoron a yi musu ihu ne ya hana su ɗaga hannu su ce ba su gane ba, har jarrabawa ta cim musu.

Abin ba ƙirƙirar makarantarku ba ne. Wata ƙungiya a Amurka mai suna CASEL, da aka kafa a 1994, ita ta tsara shi bisa abubuwa biyar: yaro ya san halin kansa, ya iya riƙe zuciyarsa, ya fahimci halin da wani yake ciki, ya iya zama da mutane, ya auna abu kafin ya aikata. A 2011 wani masanin halayyar ɗan Adam, Joseph Durlak, da abokan aikinsa suka tattara bincike kan shirye-shirye 213 da suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Abin da suka gano zai ba ka mamaki: idan aka jera yara 100 bisa ƙoƙari, na tsakiya da ya samu wannan horo yakan matsa gaba da kimanin gurbi 11 a karatu. Wani nazarin na 2017 kan shirye-shirye 82 ya nuna amfanin yana nan bayan an daɗe da gama darasin, har da raguwar shaye-shaye da rashin ji. Galibin binciken nan dai a Amurka aka yi shi, inda aji ba ya cika kamar namu. A kusa da mu, ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna IRC ta yi amfani da tsarin a Diffa ta Nijar, ga yaran da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu.

Inda nake da ja shi ne yadda ake koyarwar. Idan malami ya rubuta "haƙuri" a allo, yara suka kwafa, sannan ya fita ya zane wani da bulala saboda ya makara, to Malam kuɗinka ya tafi a banza. Masu binciken nan ma sun nuna shirin yana aiki ne idan yara suna gwadawa da kansu, mataki bayan mataki. Kuma danne fushi kaɗai ba ya gina matashi. Sai an ɗora masa nauyi na gaske, kamar riƙe kuɗin aji, jagorantar muhawara ko taimaka wa na ƙasa da shi da karatu, sai kuma ya samu babba guda a makarantar da zai iya kai wa kuka.

Ranar taron iyaye da malamai ka tambaye su: wa ke koyar da darasin, an horar da shi? Idan yara biyu suka yi dambe, me ake yi musu? Sannan ka tambayi ɗanka wane malami zai nufa idan wani ya takura masa. In ya kasa kiran suna ko ɗaya, wannan ce maganar da za ka fara kai wa shugaban makarantar.