Kafin ka amsa laifin tuƙi cikin maye

Malam, ka ce an tare ka a hanya, ka hura na'urar auna barasa, lambar ta haura iyakar da doka ta sa, kana tambaya ko ka amsa laifi a wuce wurin. Kada ka yi gaggawa. Mai gabatar da ƙara ne zai gamsar da kotu cewa an samo lambar bisa ƙa'ida.

Na'urar ba jini take aunawa ba. Numfashi take aunawa, sannan ta ƙiyasta abin da ke cikin jini, galibi da lissafin 2,100 bisa 1, wato ana ɗauka barasar da ke cikin mililita 2,100 na numfashi daidai take da ta mililita 1 na jini, alhali jikin kowa da nasa yanayin. Babbar matsalarta ita ce barasar da ta maƙale a baki. Shi ya sa a wurare da yawa dole jami'i ya zuba maka ido minti 15 zuwa 20 kafin ka hura. In ka yi gyatsa ko amai a tsakani, sai a sake ƙirga lokacin daga farko. Jami'in da ya duƙufa kan cike takarda bai zuba wa kowa ido ba, kuma bidiyo kan nuna hakan. In kana fama da ƙwannafi, gaya wa lauyanka, domin shi ma yana iya dawo da barasa baki. Shi kuma ya nemi kundin da ake rubuta ranakun saita na'urar, da shaidar horon wanda ya riƙe ta.

Gwajin jini ya fi ƙarfi, amma shi ma yana da rauninsa. Da me aka goge fata kafin a soka allura? Akwai sinadarin hana ruɓewa a kwalbar? Jinin da ya kwana cikin zafi ba firji, ƙwayoyin cuta na iya haifar da barasa a cikinsa. A bi sa hannun duk wanda kwalbar ta ratsa hannunsa. In a asibiti aka auna ruwan jini kaɗai, lambar kan ɗara ta cikakken jini.

Sai batun lokaci. Barasa kan ci gaba da hawa na wani lokaci bayan kurɓar ƙarshe, don haka gwajin da aka yi awa guda da tsayar da kai na iya fin abin da ke jikinka kana kan sitiyari.

Yau ɗin nan ka rubuta lokacin da ka ci abinci, lokacin da aka tare ka, da lokacin gwajin. Lauyanka ya rubuta takardar neman a adana bidiyon da ragowar jinin, in an ɗiba, don wani ɗakin gwaji ya sake aunawa, tun kafin a goge ko a zubar.