Tambaya da Amsa: Ɗakin Baje Zane a Ƙaramin Gari da Yadda Jama'a Za Su Ɗauke Shi Nasu

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu sun shafi ɗakunan baje zane da kayan sana'ar hannu waɗanda matasa suka fara buɗewa a ƙananan garuruwan Kano da Jigawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a wani gari na ƙasar Ringim, ina koyar da zane. Ni da wasu tsofaffin ɗalibaina mun kama hayar shago mai ɗaki biyu kusa da tasha, muka rataye zane-zanenmu domin mutanen gari su riƙa shigowa suna kallo. Ranar buɗewa wuri ya cika, amma tun daga nan ƙafa ta ɗauke, in ban da 'yan makaranta babu mai leƙowa. Abokan aikina suna ganin mu riƙa ɗauko mai kiɗan lasifika duk ƙarshen mako, ni kuwa ina tsoron dattawa su ce mun buɗe gidan sharholiya. Mene ne abin yi? Daga Malamin zane, ƙasar Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri, domin abin da kuka fara aiki ne mai daraja, kuma ba na so ɗaukewar ƙafar nan ta sa ku zargi mutanen garinku da rashin sanin abu mai kyau. Mutumin da yake iya tsayawa a kasuwa ya bambance aikin aska takwas na hannu da na keke, da matar da take zaɓen faifai saboda tsarin launinsa, da almajirin da yake ɗokin ranar da za a yi masa zayyana a allon sauka, duk masana zane ne tun kafin a buɗe shagonku. Abin da yake baƙo a wurinsu shi ne al'adar shiga ɗaki a tsaya shiru ana duban bango, babu gaisuwa, babu ciniki, babu wanda aka sani a ciki. Bahaushe yana zuwa inda yake da zumunci ko ciniki ko neman ilimi, saboda haka sai ɗayan ukun nan ya shiga ɗakinku kafin shi ma ya shiga.

Shawarata ta farko ita ce ku sauke zanenku daga ɗaki ɗaya ku bar wa masu sana'ar garin. Ku je da kanku wurin Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da shugaban dukawa da masu ɗinkin hula da masu sassaƙar ƙwarya, ku nemi kowannensu ya kawo aikin da ya fi alfahari da shi. A ƙarƙashin kowane aiki ku rubuta sunan mai shi da unguwarsa da wanda ya koya masa sana'ar, da boko da kuma ajami, domin dattawa da yawa ajamin suka fi karantawa. Ranar da maƙeri ya ji cewa an rataye laujensa da sunansa da na mahaifinsa a bango, ba shi kaɗai zai zo ba, zai taho da ƙannensa da surukansa da abokan cinikinsa, kuma idan sun gama kallon nasu za su leƙa ɗaki na biyu su ga naku. Da ɗan gari akan ci gari, kuma masu sana'ar nan su ne 'yan garin da kuke buƙata.

Sai maganar lokaci, wadda nake zaton ita ce rabin matsalarku. Ƙarshen mako lissafin ma'aikata ne, alhali ƙaramin gari da ranar kasuwa yake lissafi, da damina da kaka, da azumi da salla. Kada ku sa ran ganin manomi da safiyar damina. Ku buɗe ƙofa sosai ranar kasuwar garinku, lokacin da mutanen ƙauyuka suke sauka a tashar da kuke kusa da ita, sannan ku ajiye manyan tarukanku zuwa kaka, sa'ad da aka shigar da amfanin gona, aljihu ya yi nauyi, aka fara bukukuwan aure da dambe da kokawa. Kwanakin salla ma dama ce babba, domin 'yan garin da suke zaune a Kano da Kaduna da Legas suna dawowa gida, kuma su ne suka fi sayen abin da zai riƙa tuna musu da gida. A watan azumi kuwa, daga goma ga wata da yara suke fara tashe, kuna iya tara su bayan buɗa-baki su nuna wasanninsu a ƙofar shagon, ɗalibanku su zana su.

Yanzu ga kiɗa. Ni ban ga laifin haɗa kiɗa da zane ba, kuma a jiharku abin yana da tsohon asali: a Birnin Kudu, inda ake da zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a nan ne kuma masu bincike suka rubuta labarin duwatsun da ake ƙwanƙwasawa su ba da amo, a shekarun 1950. Amma ban goyi bayan kiɗan lasifika na kowane mako ba. Zai tara muku matasa, wannan gaskiya ne, sai dai za su tsaya a waje ne sun juya wa bangon baya, maƙwabta su kasa barci, kuma sunan da kuke gudu ya manne muku. Kiɗan da zai yi muku amfani shi ne wanda yake da dangantaka da abin da kuka baje. A gargajiyance kowace sana'a da kiɗanta: dundufa ta maƙera ce, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma a wurin gayya, garaya kuma ta maharba. Idan kun baje kayan ƙira, ku nemo mai dundufa, ku roƙe shi ya kaɗa taken maƙeran garin, sannan ya tsaya ya bayyana wa yara abin da gangar take faɗa da wanda aka yi wa taken tun asali. Da yawan masu wannan ilimi sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'i, don haka duk zaman da kuka yi da ɗayansu ceton wani abu ne da yake gab da ɓacewa. Masu gurmi, wanda ƙasar Haɗeja ta yi suna a kansa, su ma sun dace da ƙaramin wuri, domin sautinsa ba ya buƙatar lasifika.

Ina ba da shawarar taronku na farko ya kasance na rubutacciyar waƙa, wadda ake rerawa ba tare da kayan kiɗa ba. Kusan kowane gari yana da malami ko ɗalibi mai tsara waƙar wa'azi ko ta tarihin gari, kuma zama irin wannan dattawa suna halartarsa ba tare da ɗar-ɗar ba. Idan suka zo sau ɗaya suka ga tsarin wurin da idonsu, ranar da za ku kawo mai ganga ba za su buƙaci dogon bayani ba. Matasa masu waƙar situdiyo ma kada a kore su, domin garin nasu ne, sai dai a ware musu rana, a kuma saurari baitocinsu kafin ranar.

Tun kafin a buga ko da ganga ɗaya, ku kai gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci, su yi muku iso wurin hakimi, ku kuma sanar da limamin gari da ofishin 'yan sanda da 'yan Hisba. Ku faɗa musu abin da za a yi, da wanda zai yi, da lokacin tashi. Ku fara bayan la'asar ku rufe kafin kiran magariba, ku ware wa mata wurin zamansu. A wurin kai gaisuwar nan ne kuma ya kamata ku tambayi liman game da zanen abu mai rai, domin magana ce da malamai suka tattauna a kanta, kuma gara ku ji matsayin malaman garinku tun da wuri. Fagen da babu saɓani a cikinsa yana da faɗi ƙwarai: zayyana, da dagi, da soraye da zankwayensu, da gonaki da itatuwa. Makaɗi kuwa ku yi yarjejeniyar sallamarsa kafin ya zo, kada ku dogara da liƙin 'yan kallo, kuma kada a ɗauki muryarsa a waya a watsa a intanet sai da izininsa, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai wasa haƙƙi a kan wasansa. Idan kun sami dama ku kai ɗalibanku Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano su ga yadda ake jera kaya da rubuta bayaninsu.

TAMBAYA: Ni matar aure ce a ƙasar Bunkure, ina saƙa faifai ina kuma ɗinka huluna a cikin gida, yarinyata ce take kai talla. Na ji an buɗe irin wannan ɗaki a garinmu. Ta yaya mace irina da ba ta cika fita ba za ta amfana? Daga Uwargida, ƙasar Bunkure.

AMSA: Uwargida, barka da ƙoƙari. Tambayarki ta fi shafar masu ɗakin, domin mafi yawan aikin ado na ƙauyukanmu a cikin gidaje mata suke yin sa, kuma ɗakin da bai samar musu hanya ba ya bar rabin garin a waje. Abin da ya dace shi ne su ware ranar mata zalla a kowane mako, su ɗora wata dattijuwa da aka amince da ita a kan ƙofa, wadda za ta iya shiga gidaje ta karɓo kaya ta kuma mayar da kuɗi, kamar yadda dillaliya take yi. A irin wannan rana ce mata za su iya yin kiɗan ƙwarya da shantu, tsofaffi su rera waƙoƙin daɓe da na niƙa da na reno, waɗanda injin niƙa da siminti suka sa 'yan mata ba sa jin su yanzu.

Ke kuma, bayan kin shawarci maigida, ki aika da kaya kaɗan tukuna, ki sa kuɗinsu da bakinki, ki nemi a ba ki takarda mai ɗauke da adadin kayan da farashinsu da la'adar da ɗakin zai cira. A ganina kashi 10 cikin 100 ya wadatar a ƙaramin gari. Ke ce kuma za ki zaɓi abin da za a rubuta a ƙarƙashin aikinki, ko sunanki ko sunan gidanku. Amfanin da ya fi girma shi ne masu saye za su san hannunki su riƙa ba da aiki kai tsaye, wanda zai rage wa yarinyarki yawon talla ya ba ta lokacin makaranta.

TAMBAYA: Kakanmu ya rasu ya bar wata tsohuwar riga saƙi da Alƙur'ani rubutun hannu. Masu ɗakin baje kaya na garinmu suna son aro, wani baƙo kuma ya ce zai saya da tsada. Wanne ya fi? Daga wani matashi, ƙasar Gumel.

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan kakanku. Kayan nan gado ne, don haka babu mai ikon ba da aronsu ko sayar da su shi kaɗai sai magada sun yarda. Game da baƙon, ka sani cewa dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta kuma hana sayar da irinsu ga wanda hukumar ba ta amince da shi ba, tare da hana fitar da su ƙasar waje ba da izini ba. Ku nemi jami'an hukumar su duba kayan kafin ku saurari kowane tayi.

Aron rigar abu ne mai kyau idan an rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, da ranar karɓa da ranar mayarwa. Ku sharɗanta cewa ba za a rataye ta inda rana take bugawa ba, domin haske yana cin launin baba, kuma a shimfiɗe za a ajiye ta saboda nauyinta yana iya yaga tsohon zare a kafaɗa. Alƙur'anin kuwa ku nemi shawarar malaminku tukuna. Idan an amince a nuna shi, a sa shi cikin akwati mai gilashi a wuri mai tsarki, sama da ƙasa, nesa da bangon da yake jiƙewa da damina, a kuma riƙa duba ƙasan akwatin saboda gara.